Sun dawo maka da manhajarka sau uku, kar ka sake ka buɗe sabon akawun

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu kafin na zauna amsawa. Ka ce kai ɗan wani ƙauye ne kusa da Gujungu, ka haɗa manhajar Android da masu adashi za su dinga rubuta zubi da ɗauka a cikinta, tana karanta alat ɗin banki da ya shigo wayar uwar adashi ta maka alamar wanda ya biya, ana shiga da lambar waya a turo maka lambar sirri ta tes, sannan ka ƙara mata shafin farashin riɗi da gero da zoɓo na ranar kasuwa. Ka ɗora a Google Play sun dawo da ita sau uku, turancin imel ɗin nasu bai fito maka da komai ba, kuma abokinka ya ba ka shawara ka watsar da wannan akawun ɗin ka buɗe sabo da sunan yayanka, ko ka sayi tsoho a hannun wasu masu tallarsa a WhatsApp.

Bari na fara da maganar abokin naka domin ita ce ta fi tayar min da hankali. Dan Allah kar ka yi. A yanzu abin da ya same ka shi ne mafi sauƙi a cikin hukuncin da suke yi, wato ƙin karɓa, sun ce wannan abin da ka turo bai cika ƙa'ida ba ka gyara ka dawo, kuma shi kaɗai ba ya ɓata maka suna a wajensu. Sama da shi akwai cirewa, manhaja tana kasuwa a sauke ta har sai ka turo gyararriya. Sama da wannan akwai dakatarwa, ita ce mai zafi, don ana rubuta maka ita a matsayin laifi, masu amfani da manhajar da taurarin da suka ba ka duk sun tafi, kuma sunan kunshin nan da ka sa mata mai kama da com.wane.adashi ba za ka ƙara amfani da shi ba. Na ƙarshe shi ne rufe akawun ɗin ɗungurungum, kuma in aka kai nan ba akawun ɗin kawai suke rufewa ba, mutumin suke rufewa, duk wani akawun da suka gano yana da alaƙa da kai shi ma zai bi sahu kuma ba za a dawo maka da dala 25 ɗinka ta rajista ba. To ka ga kai kana matakin farko, matsalar kuma a jikin manhajar take ba a jikin akawun ba, ko akawun goma ka buɗe manhajar nan dai ita za ka ɗora kuma amsa ɗaya za ka samu, sai dai ka ja wa yayanka abin da bai ji ba bai gani ba. Shi kuwa sayen tsohon akawun kamar ka je Maigatari ne ranar Alhamis ka sayi sa a bayan kara ba dillali ba shaida don ka ga yana da araha, ba ka san daga garken wa aka koro shi ba. Mai sayar maka yana iya kasancewa an rufe masa wasu guda biyar, katin shaidar da ke jikin akawun ɗin ba naka ba ne, ranar da aka ce a sake tantancewa ba ka da abin nunawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Abin da nake so ka daina daga yau shi ne sake turawa ba tare da ka gano takamaiman abin da aka ce ba. Na san yadda abin yake, mutum ya canza kalar maɓalli ya ƙara lambar fitowa, wato lambar da ke bambanta sabuwar fitowar manhaja da tsohuwa, ya sake turawa yana addu'a ko wannan karon zai faɗa hannun mai sauƙin kai. Su da kansu sun rubuta cewa yawan dawo da manhaja a kan abu ɗaya yana iya kaiwa ga dakatarwa, kai kuma ka riga ka yi uku, don haka turawa ta huɗu ta zama wadda ka shirya mata.

Ka buɗe Play Console, wato shafin Google na masu ɗora manhaja, a kwamfuta, ka shiga manhajar, ka nemi shafin da ke nuna matsayinka game da ƙa'idoji. A nan za ka ga sunan ƙa'idar da aka ce ka taka, da lambar fitowar da aka samu laifin a cikinta, wani lokacin har da hoton fuskar wayar da mai dubawa ya ɗauka, kuma imel ɗin ma in ka gangara ƙasa sau da yawa akwai hoto a maƙale wanda mutane ba sa buɗewa. Yawancin turancin imel ɗin rubutu ne guda da ake tura wa kowa, layi biyu ko uku ne kawai naka, inda aka ambaci laifin da inda aka gan shi. Ka kwafe su a takarda. In turancin ya yi maka nauyi ka kai wa malamin turanci na sakandaren garinku ku zauna ku warware shi kalma kalma, ba abin kunya ba ne, turancin lauyoyi ne ba na makaranta ba. Kuma ka sani ba lallai su lissafo maka duk laifuffukan a lokaci ɗaya ba, mai dubawa yana iya tsayawa a na farkon da ya ci karo da shi, shi ya sa sai ka gyara ɗaya a dawo maka da wani ka ɗauka wulaƙanci ne.

Ko ban ga imel ɗin ba, daga bayaninka na hango abu uku, kuma babbansu shi ne karanta alat. Tun farkon 2019 Google suka tsaurara a kan izinin karanta tes da tarihin kiran waya, asalin ƙa'idar ita ce manhajar da mutum ya zaɓa ta zama ita ce mai karɓa da aika masa tes ita ke da wannan izinin. Akwai 'yan togaciya, har da wasu manhajojin lissafin kuɗi, amma sai ka cike fom na musamman ka yi bayani ka nuna bidiyo kuma ba tabbas a amince, in da wata hanyar da za ka bi ba tare da izinin ba to ita za a ce ka bi. Ni a ganina ma suna da gaskiya a nan. Ka yi tunanin wayar uwar adashin nan, Hajiya ce mai riƙe da zubin mata talatin, a cikin tes ɗinta akwai ragowar kuɗin asusunta, akwai lambobin sirrin da banki ke turo mata, akwai saƙon 'ya'yanta, kai da ka rubuta manhajar na yarda ba ka da mugun nufi amma izinin da ka nema ya buɗe maka duka, kuma irin wannan ƙofar ce masu manhajojin bashi suka bi suka dinga tozarta mutane a ƙasar nan. Shawarata ka cire shi gaba ɗaya. Ka sa mata maɓalli babba a gaban sunan kowa, in ta ga alat ko an kawo mata kuɗi a hannu ta danna ya biya, ai dama yawancin zubin ƙauye a hannu ake kawowa ranar kasuwa. In harkar ta girma nan gaba ka haɗa da kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack, su ne za su sanar da sabarka, wato kwamfutar intanet da ke ajiye bayanan manhajarka, cewa kuɗi ya shigo ba sai ka leƙa tes ɗin kowa ba. In kuma don lambar shiga ta cike kanta ne kake son izinin, Google suna da hanyar da ake kira SMS Retriever wadda ba ta buƙatar izinin komai.

Sai dai a nan akwai rami biyu da na ga sun cinye mutane da yawa. Na farko, kana iya goge READ_SMS, wato izinin karanta tes, daga fayil ɗin da ke lissafa izinin manhajarka amma wani laburaren da ka jawo, wato aikin wasu da ka haɗa a cikin manhajarka, ya sake shigo da shi ta bayan gida, don haka bayan ka haɗa kunshin, wato fayil ɗin manhajar da ake ɗorawa, ka duba jerin izinin da ya fito a ƙarshe, Android Studio da ake haɗa manhaja da shi yana nuna maka haɗaɗɗen fayil ɗin, Play Console ma yana nuna izinin kowane kunshi da ka ɗora. Na biyu, kuma wannan shi nake zargin ya sa aka dawo maka har sau uku, tsohon kunshin da ke ɗauke da laifin yana nan zaune a layin gwaji, wato inda ake ɗora manhaja wasu 'yan mutane su gwada kafin ta fita kasuwa. Mutum ya gyara ya ɗora sabo a layi ɗaya ya manta watanni biyu baya ya ɗora wani a gwajin cikin gida ko rufaffen gwaji, su kuwa duk layukan suke dubawa, sai imel ya zo da laifin da ka rantse ka gyara. Ka kalli lambar fitowar da aka ambata a imel ɗin, in ta tsohon ce to ka gano. Ka bi kowane layi ka ɗora sabon kunshi mai lamba mafi girma ka tabbata tsohon ya koma ba ya aiki.

Abu na biyu shi ne ƙofar shiga. Ka sa a ranka cewa wanda zai duba manhajarka baƙo ne a wata ƙasa, ba ya jin Hausa, bai san adashi ba, ba shi da layin Najeriya, kuma yana da tulin wasu manhajojin a gabansa. Ya buɗe taka ta ce masa ya sa lambar waya, ya sa tasa tes bai zo ba, shi ke nan ya rubuta cewa bai iya shiga ba ya wuce. A Play Console akwai wajen da aka ware don ka ba su bayanan shiga, mutane da yawa suna danna cewa komai a buɗe yake don su wuce da sauri, alhali ba haka ba ne. In Firebase, tsarin Google na masu haɗa manhaja, kake amfani da shi wajen turo lambar, yana ba ka damar ka sa lambar waya ta gwaji da lambar sirri tsayayya wadda ba ta canzawa kuma ba a tura tes, ita za ka ba su. Ka rubuta musu da turanci mai sauƙi, sa wannan lambar, danna koren maɓalli, sa waɗannan alƙaluma shida. Kuma kar ka ba su akawun fanko, ka cika shi da adashin gwaji mai mutum goma da zubin sati huɗu da sunayen da ka ƙirƙira, don ya shiga ya ga abu yana motsi. In akwai ɓangaren uwar adashi daban da na 'yan zubi ka ba su duka biyun.

Irin wannan ta taɓa ci na shekarun baya, na haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa manhajar rubuta bashin taki, na tura dubawa na tafi gida ƙauye biki, ashe kuɗin hayar sabar ya ƙare a cikin kwanakin, sabis ɗin garinmu kuma sai ka hau tudun bayan makaranta kake samu, ban ga saƙon gargaɗin ba. Mai dubawa ya buɗe ya ga farin allo yana ta juyawa, aka dawo da ita a kan ba ta aiki, sati biyu na rasa kuma damina ba ta jiran kowa, manoman suka koma littafinsu na wannan shekarar. Tun daga nan in zan tura sai na tabbata sabar tana da kuɗin wata guda a gaba, kuma na koyi cewa ko saba ta mutu dole manhaja ta faɗi wani abu da mutum zai gane maimakon ta yi shiru. Ka duba shafinka na farashi da wannan idon. Kasuwar Gujungu ranar Lahadi take ci, in ka tsara shi ya nuna farashin yau kaɗai to wanda ya buɗe ranar Laraba fanko zai gani ya ɗauka a lalace take. Ka bar farashin kasuwar da ta wuce a rubuce da kwanan wata a kai, tiyar riɗi kaza buhun gero kaza, wannan ma ya fi wa manomin amfani.

Na uku takardun kare sirrin masu amfani da manhajar, a nan ne yawancin yaranmu suke kwafe-kwafe. Dole ka sami shafin bayanin tsare sirri a intanet wanda kowa zai iya buɗewa, ba PDF ba, ba fayil ɗin da wani zai iya shiga ya gyara ba, sunan manhajarka ko sunanka na mai ɗorawa ya fito a ciki, da hanyar da za a tuntuɓe ka, kuma ka sa linkinsa a Play Console da cikin manhajar kanta. Google Sites ko GitHub Pages kyauta ne sun isa. Na sha ganin wanda ya kwafo na wani kamfanin Indiya ko sunan bai canza ba. Sannan fom ɗin tsaron bayanai, wanda ya zama tilas tun 2022, dole ya yi daidai da abin da manhajar take yi a zahiri. Kana karɓar suna da lambar waya da bayanin kuɗin da mutum ya zuba, ka faɗa. In ka sa tallan AdMob, tsarin talla na Google, to yana ɗaukar lambar shaidar waya ta talla ko kai ba ka taɓa ganinta ba, in ka sa abin da ke kawo maka rahoton faɗuwar manhaja shi ma yana aika bayanai, duk a wuyanka suke, in ka ce ba na karɓar komai na'urarsu ta ga bayanai suna fita to an kama ka da faɗin abin da ba haka ba. Kuma tunda ana buɗe akawun a manhajarka dole ka sa hanyar goge shi a ciki, da wani linki a intanet da mutum zai nemi a goge masa ko ya riga ya cire manhajar daga wayarsa. Ba don Google kaɗai ba, mu ma nan muna da dokar kare bayanai ta 2023, lambobin matan aure talatin da abin da kowacce take tarawa ba ƙaramar amana ba ce.

Akwai wani abin da ya shafe ka musamman saboda kalmar kuɗi. Kowace manhaja tana cike fom ɗin da ke tambaya ko tana da harkar kuɗi a ciki. Ka zauna ka tantance wa kanka me taka take yi. In littafi ce kawai, tana rubuta wa ya zuba wa ya ɗauka kuɗin kuma yana hannun uwar adashi, to ka faɗi haka ƙarara a bayanin manhajar, cewa ba ta riƙe kuɗi ba ta ba da bashi. In kuwa ka rubuta samu bashi cikin sauƙi don jan mutane to ka jefa kanka layin masu ba da bashi, su kuma a Najeriya tun 2023 Google suna neman takardar amincewar FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ba a yarda da bashin da ake biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba, an hana su taɓa lambobin waya da hotunan mutane, kuma masu harkar kuɗi irin wannan ana so su yi rajista a matsayin kamfani ne ba mutum ɗaya ba, wanda ke nufin rajistar CAC da lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani da ake amfani da ita a duniya. Ba ina ce maka ka ɓoye abin da kake yi ba ne, in da gaske kuɗin mutane zai dinga bi ta hannunka to maganar ta wuce Google ta kai ga lasisin Babban Banki, ka tsaya a littafin tukuna.

Sauran ƙanana ne ka bi su da sauri. Suna kar ya wuce harafi 30, gajeren bayani 80, kar ka sa kyauta ko lamba ɗaya ko 'yan hotunan dariya a sunan, kar ka cika bayanin da maimaita kalma ɗaya. Hotunan da ka ɗora su zama na manhajar da gaske. Ka cire tambarin kowane banki ko OPay ko Moniepoint daga hotunan da alamar manhajar in ka sa, haka tambarin gwamnatin jiha, don ana ɗaukarsa a matsayin kana jingina kanka da wanda bai san da kai ba. Bayanin ka rubuta shi da Hausa don mutanenka, amma ka ƙara 'yan layuka na turanci a ƙasa da ke cewa adashi tarin kuɗi ne na karɓa-karɓa tsakanin mutanen da suka san juna. Wajen shekarun masu amfani ka zaɓi 18 zuwa sama, in ka haɗa da yara ka shiga wasu ƙa'idojin daban masu tsauri. Kuma duk shekara a ƙarshen Agusta suna ɗaga matakin Android da za ka nufa, na 2025 shi ne Android 15 wato mataki na 35, in kana bin tsohon darasin YouTube ne ka duba wannan.

Bari na ɗan ratse, tunda na san ba kai kaɗai za ka karanta ba. Akawun ɗin yaran Arewa da na ga an rufe yawancinsu ba a kan izini ba ne, a kan kayan mutane ne. Mutum ya kwaso karatun malami ko waƙoƙin Kannywood ko littafin wata marubuciya ya zuba a manhaja ya sa talla, sannan ya kwafi manhajar sau ashirin yana canza hoto da suna kawai. Wannan laifi biyu ne a wajensu, haƙƙin mallaka da maimaita abu ɗaya, kuma ba dawowa ake yi da shi ba dakatarwa ake yi. Ko a addinance ma matar nan da ta kwana tana rubutu ba ta yafe maka ba. In malamin ko marubuciyar sun yarda ka karɓi izini a rubuce da sa hannu, akwai fom ɗin da ake tura wa masu dubawa irin wannan takardar tun kafin su tambaya.

Yanzu maganar masu gwaji, don ko an karɓi gyaranka tana gabanka in akawun ɗin naka na mutum ɗaya ne kuma bayan 13 ga Nuwamba 2023 ka buɗe shi. Sai ka yi rufaffen gwaji da mutum 12 aƙalla, da 20 ne aka rage, su zauna a ciki kwana 14 a jere kafin ka nemi izinin fita kasuwa, kuma a nan ma ana dawo da mutane in aka ga gwajin na jeka-na-yi-ka ne. A birni wannan ba wuya, a ƙauye kuwa sai ka yi da gaske, domin rabin mutanen da za ka nema ba su san adireshin Gmail ɗin da ke wayarsu ba, mai shagon da ya sayar musu ko mai tura waƙoƙi ne ya buɗe musu. Ka karɓi wayar ka buɗe Play Store ka danna hoton da ke sama a dama, adireshin zai fito, shi za ka rubuta harafi harafi don in ka kuskure ɗaya linkin ba zai buɗe masa ba. Ka nemi mutum ashirin ba sha biyu cif ba, saboda wani zai sayar da wayar ranar kasuwa, wani yaro zai goge masa, wata wayar za ta kwana uku a wajen mai caji. Kar ka biya 'yan intanet masu cewa za su kawo maka masu gwaji, ka nemi iyayen adashi na gaske biyu ko uku da 'yan zubinsu, ka saya musu data kaɗan, ka zagaya ranar Lahadi ka ga inda suke maƙalewa. Za a tambaye ka a fom yadda ka samo su da abin da suka ce da abin da ka gyara, in ka yi da gaske amsar tana bakinka, ka ce Hajiya ta ce rubutun ya yi ƙanana na ƙara girmansa, a itel mai ƙaramin ƙwaƙwalwa tana rufewa na rage nauyin hotuna, ka tura sabuntawa ɗaya ko biyu a cikin kwanakin don a ga alama.

Ɗaukaka ƙara kuma yana nan, amma wajensa daban. Ana yin sa ne in ka karanta ƙa'idar ka tabbata ba ka taka ta ba, misali an ce kana ba da bashi alhali littafi ne. In laifin gaskiya ne gyara za ka yi ka sake turawa, ƙara ba za ta ɗaga maka ƙa'ida ba. In za ka rubuta ka yi shi gajere, sunan kunshi, lambar fitowa, ƙa'idar da aka ambata, dalilin da ya sa ba ta hau kanka ba, da linkin bidiyon minti ɗaya da ka ɗauka a waya yana nuna abin. Ka bar roƙo da labarin wahalar da ka sha da cewa kai maraya ne, na san mu a wajenmu in ka je gaban babba da haka ake farawa, amma wanda zai karanta yana neman abin da zai dogara da shi ya canza hukunci ne kuma ba shi da ikon yin haka don tausayi. Zagi kuma ko a zuci ka bar shi. Ka tura guda ɗaya ka jira, dubawar sabon akawun takan kai kwana bakwai wani lokacin ta wuce, kuma in kana jira kar ka dinga taɓa bayanan manhajar kana sake turawa don kana iya mayar da kanka bayan layi.

Ka tambayi ko ka koma wajen Apple. A'a, ba yanzu ba. Dala 99 ce duk shekara, sai da kwamfutar Mac ake haɗawa, kuma matan da ka yi wa aikin nan Tecno da itel da Infinix ne a hannunsu. Su ma can irin waɗannan abubuwan suke kamawa, ƙa'ida ta 2.1 a kan manhajar da ba ta kammala ba ko ba a ba su hanyar shiga ba, 4.2 a kan wadda shafin intanet ne kawai aka naɗe, 5.1.1 a kan bayanan mutane, abin da ya fi daɗi a wajensu shi ne kana iya mayar wa mai dubawa amsa kai tsaye ku yi magana.

Kafin a karɓa ba laifi ka ba iyayen adashin da suka matsu APK, wato fayil ɗin manhajar da ake sa wa waya kai tsaye, ta Xender su fara aiki, sai dai ka kula da makullin sa hannu. In ka bar Google suka ƙirƙira maka makullin da suke sa wa manhajar hannu da shi, wadda ka haɗa a kwamfutarka ka raba ba za ta karɓi sabuntawa daga Play Store ba, sai an goge an sake saukewa, in kuma lissafin a cikin wayar yake zaune ya tafi ke nan, zubin wata uku na mutane. Ka sauko da APK ɗin da suka sa wa hannu daga cikin Play Console, wajen da ake duba kunshin da ka ɗora, shi za ka raba, kuma wanda ka cire wa izinin tes ɗin ba tsohon ba.

Ka ɗauki hoton shafin matsayin ƙa'idojin da na imel na ukun ka turo min, ka rufe adireshinka da duk lambar wani da ta fito a ciki, ka haɗa da jerin lambobin fitowar da ke kowane layin gwaji. In lambar da suka ambata ta tsohon kunshi ce to aikin yamma ɗaya ne, in kuma ta sabon ce sai mu bi izinin ɗaya bayan ɗaya mu ga laburaren da ya shigo da shi. Ka gaida mutan gida, Allah ya sa albarka a aikin.